Ina Bordeaux ta shiga? Sai mun koma kakar Ligue 2 ta 2022-23

Ƙanena abu biyu ka tambaye ni. Na farko kace ka duba teburin Ligue 1 baka ga Bordeaux ba, ka sauko Ligue 2 nan ma babu su, shin kulob ɗin ya mutu ne ko me ya faru. Na biyu kuma kace ita Ligue 2 ɗin wai akwai abin kallo a cikinta kuwa, ko dai ajin 'yan dagaji ne kawai da ake tura gajiyayyu. Toh duka biyun amsarsu na cikin kaka ɗaya, kakar 2022-23, ni kuma na bi ta mako-mako tun daga ƙarshen Yuli har daren da aka rufe ta, don haka ka gyara zama don bayanin yana da ɗan tsawo.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne a Faransa kulob sau biyu yake buga kowace kaka. Akwai wadda ake bugawa a fili kowa na gani, akwai kuma wadda ake bugawa a ofis gaban wata hukuma da ake kira DNCG, masu binciken asusun kulob-kulob. Kana iya tsira a fili su kuma su jefa ka ƙasa, kana iya faɗuwa a fili faɗuwar wani a ofis ta dawo da kai. A wannan kakar duka biyun sun faru, shi yasa duk wanda ya tambaye ni yadda ƙwallon Faransa ke tafiya ita nake ɗauko masa.

Kulob 20 ne suka buga, wasa 38 kowa, aka fara 30 ga Yuli 2022 aka gama 2 ga Yuni 2023, da hutu a tsakiya saboda kofin duniya na Katar. Amma ba irin kakar da aka saba bace. Hukumar LFP mai shirya gasar ta riga ta yanke cewa za a rage Ligue 1 daga kulob 20 zuwa 18, kuma dalilin bai wuce kuɗi ba, tun da kamfanin Mediapro da ya yi alkawarin biyan sama da Yuro miliyan 800 duk shekara na haska wasanni ya kasa biya a 2020 aljihun kowa ya girgiza, sai aka ga gara a rage masu cin tuwon tunda tuwon ya ragu. Wannan ragin shi ya sa a waccan shekarar kulob 4 za su faɗo daga Ligue 1, biyu kacal za su hau daga Ligue 2, babu wasan cike gurbi, wato in ka zo na uku ko da tazarar ƙwallo ɗaya ce shikenan sai baɗi. A ƙasan teburi kuma kulob 4 ne za su faɗa rukuni na uku da suke kira National. Kaga ƙofar sama an matse ta, ramin ƙasa an faɗaɗa shi.

Sannan ka dubi su waye suka faɗo a shekarar. Saint-Étienne mai kofin lig 10, Bordeaux mai 6, da Metz. Manya uku kujera biyu, tun kafin a busa usur an san dole ɗaya ya yi kuka, ba a ma lissafa sauran 17 ɗin da su ma ba rakiya suka zo ba.

Bordeaux ma da kyar aka bar su suka buga gasar. Sun ƙare na ƙarshe a Ligue 1 an zura musu ƙwallo 91, abin kunya ga kulob ɗin da Zidane ya taka wa leda daga 1992 zuwa 1996, wanda ya fitar da AC Milan da ci 3 da nema ya je wasan ƙarshe na kofin UEFA. Mutanenmu na Nijar za su tuna Moussa Maâzou ya je can aro, mu kuma Samuel Kalu ya yi shekaru a wurinsu. Suna faɗowa DNCG ta duba takardunsu tace ko Ligue 2 ɗin ma ba za su iya ɗauka ba, su wuce National. Suka ɗaukaka ƙara aka sake tabbatar da hukuncin, sai a ƙarshen Yuli, kwana uku kafin a fara gasa, aka yarda aka dawo da su, bayan mai kulob ɗin Gérard Lopez ya ƙara zuba kuɗi, masu bin bashi sun yafe wani ɓangare, an sayar da Sékou Mara ga Southampton, ga kuma kason da suka samu a cinikin yaran da suka raina, Tchouaméni da ya tafi Madrid da Koundé da ya tafi Barcelona. Wato kuɗin 'ya'yansu ne ya fanshe su a wannan karon. Koci David Guion ya haɗa tawaga da yaran makarantar kulob da 'yan tsirarun manya, ga Yoann Barbet a baya, ga Dilane Bakwa da Davitashvili ɗan Jojiya a gefe, ga Josh Maja namu na Super Eagles a gaba wanda ya ci 16 a kakar. Kuma gaskiya sun yi ƙoƙari, mafi yawan kakar suna na biyu ne.

Saint-Étienne kuwa da bashin maki 3 suka fara, saboda abin da magoya bayansu suka yi ranar da Auxerre ta jefa su ƙasa a bugun fenariti, suka cika fili suna harba wuta, aka kuma hana su 'yan kallo a wasannin farko na gida. Lokacin da aka tafi hutun kofin duniya su ne a can ƙarshen teburi. Kulob mai kofi goma yana leƙen rukuni na uku! A Janairu suka yi cefanen 'yan wasa suka farfaɗo, Jean-Philippe Krasso ya yi ta ci musu, suka ƙare na 8. Nasu kenan a wannan kakar.

Wanda ya ɗauki kofin ba ya cikin manyan ukun nan, Le Havre ce, kuma ina so in ɗan daɗe a kansu don su ne suka fi nuna yadda ake cin Ligue 2. Kulob ne na garin bakin teku a Normandi, suna kiran kansu dattijon kulob-kulob na Faransa don suna danganta asalinsu da 1872, amma a lokacin rabonsu da Ligue 1 tun 2009. Makarantarsu ta yara ce ta fi su suna, Pogba ya bi ta can, Payet, Mandanda, Lassana Diarra, Ferland Mendy, kuma daga nan Leicester ta ɗauko Mahrez a Janairun 2014 a kuɗin da ko fam miliyan ɗaya bai kai ba. Shekara da shekaru aikinsu kenan, su raina yaro wani ya zo ya ɗauke, su kuma suna nan a tsakiyar teburi. A bazarar 2022 aka kawo Mathieu Bodmer tsohon ɗan wasan Lille da Lyon da PSG ya zama daraktan wasanni, shi kuma ya ɗauko wani matashin koci ɗan Sloveniya, Luka Elsner, mutumin da Amiens ta sallama a 2020. Ba su da kuɗin sayen taurari, 'yan kyauta da 'yan aro da yaran gida suka haɗa.

Duba alƙalumansu: nasara 20, canjaras 15, an doke su sau 3 kacal, maki 75. Sun ci ƙwallo 46, wanda ba wani abin a zo a gani bane ga zakara, amma 19 kawai aka zura musu a wasa 38. Rabin ƙwallo a wasa kenan. Sun yi wasa 32 a jere ba a ci su ba. Gola Arthur Desmas, gabansa Arouna Sangante da Gautier Lloris ƙanin Hugo Lloris, tsakiya Victor Lekhal yana tsare musu ƙofa. In ka kalli wasansu ba za ka tashi kana tafi ba, su ci ɗaya su rufe shago, in bata yiwu ba su karɓi maki ɗaya su tafi gida, amma abin da na lura da shi wanda ya burge ni shi ne yadda suke yi in sun rasa ƙwallo, ba mai tsayawa yana ɗaga hannu yana yi wa lafari ƙorafi, kafin ka ƙifta ido mutum tara sun koma bayan ƙwallo kowa a gurbinsa, ɗan gaba ma yana bin ɗan bayan abokan hamayya kamar bashi yake binsa. A Ligue 2 haka ake hawa. Filaye da yawa a lokacin sanyi sun zama taɓo, 'yan baya manya ne masu ƙarfi da ba sa jin kunyar sa maka ƙafa, tazarar na biyu da na goma sha biyar ba ta da yawa, wanda yace sai ya yi ado da ƙwallo kafin ya ci to wani ƙaramin kulob zai zura masa ɗaya a bugun kwana ya koma ya kwanta a gida.

Metz kuma labarinsu daban. Farkon kakar sun rikice, akwai wasan da suka yi da Guingamp a gidansu a Satumba aka basu jan kati uku aka lallasa su 6 da 3, mutane har sun fara cewa tsohon kocinsu László Bölöni ɗan Romaniya zamaninsa ya wuce. Daga baya sai suka nutsu suka kama hanya, daga nan har aka rufe gasa sun yi dogon zango ba wanda ya doke su. Makaminsu yaro ɗaya ne, Georges Mikautadze, haifaffen Lyon mai buga wa Jojiya, ya ci 23 ya zama sarkin raga kuma gwarzon kakar. A Fabrairu suka ɗauko Lamine Camara daga Génération Foot ta Senegal, makarantar da suke da yarjejeniya da ita tun 2003, wadda ta basu Sadio Mané da Ismaïla Sarr da Pape Matar Sarr. In akwai abin da nake yi wa Senegal sha'awa a harkar ƙwallo to wannan hanyar ce, yaro ya san in ya yi ƙoƙari ga ƙofar da zai bi, ba sai wani ɗan damfara ya karɓe kuɗin gonar ubansa ya yar da shi a tashar jirgin ƙasa a Turai ba.

Yanzu mu zo ƙarshen kaka. Le Havre da kowa ya ɗauka sun gama sai ƙafarsu ta fara rawa, suka sha kashi sau biyu a jere a watan Mayu. Bordeaux na biyu, Metz na shaƙar ƙeyarsu. A mako na 37 Bordeaux suka je Annecy, ƙaramin kulob da a shekarar ya hauro daga National yana fafutukar tsira, aka doke su ɗaya mai ban haushi, Metz ta ci nata wasan ta haye su da bambancin ƙwallaye. Ka riƙe wannan wasan na Annecy, a ganina nan ne Bordeaux ta rasa Ligue 1, ba a daren da kowa ke magana a kai ba. Aka shiga ranar ƙarshe Le Havre na da 72, Metz 69, Bordeaux 69. A ƙasa kuma Niort da Nîmes sun riga sun tafi, saura kujera biyu na faɗuwa, ga Dijon ga Rodez ga Laval ga Annecy ga Valenciennes kowa na addu'a.

Ranar Juma'a ce, 2 ga Yuni, duka wasanni goma lokaci ɗaya, ƙarfe 8 saura kwata agogonmu. Mu uku ne a benci gaban mai shayin unguwarmu bayan mun idar da isha'i, kowa da wayarsa, ɗaya na bin Metz da Bastia, ɗaya Le Havre da Dijon, ni ina kan Bordeaux da Rodez, duk wanda aka ci a nasa sai ya faɗa. Filin Bordeaux mai cin mutum 42,000 ya cika maƙil. Ita Rodez gari ne da mutanensa gaba ɗaya ba su kai yawan waɗanda ke cikin filin a daren ba. Minti ashirin da 'yan kai sai Rodez ta kawo hari, Lucas Buadés ya zura ƙwallo, ya ruga murna ta gefen da 'yan gani-kashe-nin Bordeaux suke zama, abokan wasansa na rungumarsa, sai ga wani mutum ya fito ta bakin fili ya hankaɗe shi, yaron ya faɗi ƙasa riƙe da kai. Da farko na ɗauka za a fitar da mutumin a ci gaba. Sai na ga likitoci sun daɗe a kansa, lafari ya kira 'yan wasa suka shige ɗaki, muka yi ta jira shayinmu ya huce, sauran wasannin suna tafiya namu a tsaye, daga ƙarshe aka sanar cewa likita ya tabbatar ya samu buguwa a kai kuma ba za a ci gaba da wasan ba. Mutum dubu arba'in suka fita daga fili ba su san matsayin kulob ɗinsu ba.

A can kuma Le Havre ta ci Dijon 1 da nema ta ɗauki kofi, Dijon ta faɗi. Metz ta ci Bastia 3 da 2. Laval ta zura ƙwallo a mintunan ƙarin lokaci a gidan Amiens ta tsira. Annecy ta sha kashi a hannun Paris FC ta tsaya a maki 45, makomarta ta koma hannun kwamitin ladabtarwa, in aka ba Rodez makin wasan to Annecy ta faɗi. Kwana goma ana jira. Ran 12 ga Yuni kwamitin ya yanke cewa Bordeaux ta yi asarar wasan, za a cire mata maki ɗaya a kaka mai zuwa, a kuma rufe wancan ɓangaren na filin na wasu wasanni. Rodez ta tsira, Metz ta hau, Annecy ta zama ta 17.

Magoya bayan Bordeaux da yawa har yau suna cewa Buadés langaɓewa ya yi, har barazana aka yi ta aika wa yaron, abin da ban ga dalilinsa ba ko kaɗan. Ni ban yarda da su ba. Mutum yana wurin aikinsa wani ya tsallako ya sa masa hannu, laifin na wanda ya tsallako ne da waɗanda aka ɗora wa tsaron filin, ko ya ji ciwo sosai ko kaɗan. Kuma ko an ƙarasa wasan, tunda Metz ta ci nata, sai Bordeaux ta farke ta kuma yi wa Rodez ruwan ƙwallaye kafin ta kamo bambancin, ƙungiyar da mako ɗaya kafin nan ta kasa cin Annecy ko ɗaya. Wanda na tausaya wa a lamarin Annecy ce. Su ne suka je har Vélodrome, filin Marseille, a watan Maris suka fitar da Marseille daga kofin Faransa a bugun fenariti, suka kai wasan dab da na ƙarshe Toulouse ta cire su da kyar, su ne suka doke Le Havre suka doke Bordeaux a makonnin ƙarshe, sannan aka jefa su ƙasa da wasan da aka buga minti ashirin da 'yan kai a wani gari. Sun yi ta ƙorafi suna kai ƙara, kuma in kai ne ma za ka yi.

Toh a nan ne gasar ofis ta fara. DNCG ɗin nan duk ƙarshen kaka kowane kulob sai ya je gabanta da lissafinsa, abin da ya kashe, abin da yake sa ran samu, da shaidar cewa kuɗin da zai cike giɓin yana nan a banki ba a baki ba. Ba ta karɓar "za mu sayar da wane" ko "mai gida yace zai turo". In bata gamsu ba tana iya ƙayyade maka albashin da za ka biya, ta hana ka sayen 'yan wasa, ko ta sauke ka rukuni ɗaya ko fiye. Kana da damar ɗaukaka ƙara a hukumar ƙwallon ƙasar, daga nan ka nemi sulhu a kwamitin Olamfik na Faransa, daga nan sai kotu. Kuma ba ta duba girman suna, ita Bordeaux ɗin nan a 1991 ta ƙare ta 10 a rukunin farko amma aka sauke ta saboda bashi.

Wanda ta kama a 2023 Sochaux ce, kuma wannan ya taɓa ni fiye da na Bordeaux. Ka san Fijo 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, toh garin Sochaux nan ne babbar masana'antar Peugeot take, iyalan Peugeot ne suka kafa kulob ɗin a 1928 don ma'aikatansu, zakin da ke jikin motar shi ne a ƙirjin rigarsu. Suna cikin waɗanda aka fara gasar ƙwararru da su a 1932, sun ci lig a 1935 da 1938, sun ci kofin Faransa a 2007. A 2015 Peugeot ta sayar da kulob ɗin ga wani kamfani na Hong Kong, daga baya ya koma hannun wani kamfanin gine-gine na Chaina mai suna Nenking. A kakar da muke magana sun kashe kuɗi sosai don su hau, har wajen watan Afrilu suna cikin masu neman tikiti, sai suka rushe suka yi ta shan kashi a jere har ƙarshe suka ƙare na 9. Na 9 fa, nesa da faɗuwa. Da aka je gaban DNCG mai kulob bai kawo kuɗin cike giɓi ba, aka sauke su National, saura ƙiris ma a rufe kulob ɗin gaba ɗaya, sai da tsohon shugabansu Jean-Claude Plessis ya dawo ya haɗa 'yan kasuwar yankin da hukumomin gari, magoya baya suka yi karo-karo ta ƙungiyarsu Sociochaux, sannan aka bar su suka buga National ɗin. Kujerar da suka bari a Ligue 2 kuma aka miƙa wa Annecy, kwanaki kaɗan kafin a fara sabuwar kaka, bayan sun gama shirin rukuni na uku.

Wasu na cewa DNCG ta cika tsanani, tana kashe kulob masu tarihi. Ni ina ganin ba ita ke kashe su ba, gawa take tararwa ta faɗi gaskiya. Mu da muka san yadda ɗan wasa ke yin wata biyar ba albashi a gasanninmu na gida, ya je ya ci bashi wurin mai shago don ya ciyar da iyali, bai kamata mu raina hukumar da ke cewa nuna min kuɗin albashin kafin ka ɗauki yaron mutane ba. Inda nake ganin gazawarta shi ne tana bari a sayar da kulob ga mutanen da ba su da niyyar zama, sai abu ya lalace sannan ta zo da sanda, kuma sandar kan magoya baya da ma'aikata take sauka, mai kuɗin ya riga ya kama gabansa.

Wannan ya dawo da mu kan tambayarka ta farko. Matsalar Bordeaux ta girmi daren Rodez. A 2018 gidan talabijin na M6 da ya riƙe su kusan shekara ashirin ya sayar wa wasu Amurkawa masu zuba jari, a 2021 waɗancan suka ce sun gaji ba za su ƙara ko kwabo ba, Lopez ya karɓa da bashi a kai. Kulob ne da aka gina da kashe-kashen Ligue 1, albashi mai nauyi, ma'aikata da yawa, hayar fili kaɗai kusan Yuro miliyan 5 a shekara, alhali kuɗin talabijin na Ligue 2 ɗan kaɗan ne in ka gwada da na sama. Irin wannan kulob in ya faɗo shekara ɗaya yake da ita, ko ya koma nan take ko ramin ya haɗiye shi. Sun yi caca da kakar 2022-23, suka zo na uku a shekarar da na uku ba ya samun komai. Da a shekarar da ta gabace ta ne ko wadda ta biyo baya da sun samu wasan cike gurbi. Maja ya tafi West Brom kyauta, aka sake kashe kuɗi a kaka ta biyu, aka kori Guion a Oktoba aka kawo Albert Riera, suka ƙare na 12. A Yulin 2024 DNCG ta sake kiran su, aka yi ta fatan masu Liverpool wato Fenway za su saya, suka duba lissafin suka janye. Kulob ɗin ya ajiye matsayinsa na ƙwararru, kwantiragin 'yan wasa ya warware kowa ya kama hanya, aka rufe makarantar da ta fitar da su Tchouaméni, aka tura su National 2, rukuni na huɗu. Troyes da ta faɗi a fili a waccan kakar ita ta gaji kujerarsu, kamar yadda Annecy ta gaji ta Sochaux.

Game da ko akwai abin kallo, ni dai ban taɓa nadamar lokacin da na bata ba. Drogba a Le Mans ya yi shekarunsa na farko a wannan rukunin. Giroud ya ci 21 a Tours a 2009-10, a shekarar da André Ayew ya je aro Arles-Avignon ya taya su hawa. Mané a Ligue 2 ya fara da Metz, a kakar da suka faɗa National ma. Kanté ya buga duka wasa 38 na Caen a 2013-14, bayan shekara biyu yana ɗaga kofin Firimiya. Shi Mikautadze ɗin Ajax ta saye shi, bai ji daɗin can ba ya dawo Metz aro, a Euro 2024 yana cikin waɗanda suka fi cin ƙwallo. Ba za ka ga ƙwallo mai santsi irin ta Man City ba, amma za ka ga yaro tun kafin duniya ta san shi, kuma za ka ga wasan da in an faɗi mai wankin riguna da mai yankan ciyawa na iya rasa aikinsu, shi yasa ba a wasa da shi. Yanzu ita ma an rage ta zuwa kulob 18 tun kakar 2024-25, biyu na hawa kai tsaye, na 3 zuwa na 5 su yi cike gurbi wanda ya fito ya kara da na 16 a Ligue 1. Ta wannan hanyar Saint-Étienne ta koma sama a 2024, ta doke Rodez ɗin nan da ta zo ta 4, sannan ta jefo Metz ƙasa.

Da suka faɗa a 2024, mai son ganin Bordeaux sai ya sauka ƙasa da National ya duba rukuni na huɗu, inda suke karawa da ƙananan garuruwa da 'yan wasan da wasunsu ke da wata sana'ar da rana. A Satumban shekarar Andy Carroll tsohon ɗan Newcastle da Liverpool ya zo ya sa musu hannu, wasansa na farko ana cin su 2 da nema a gida ya shigo ya farke duka biyun, a cikin wancan filin dai mai cin mutum 42,000, kuma dubban mutane sun biya kuɗi sun zo kallo.